Ƙarfin da ka tashi da shi yau, na wane ne?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Allah Ya ƙara tsira da aminci ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa, akwai tambayar da ya kamata kowane muridi mai sana'a ya yi wa kansa: ƙarfin da nake tashi da shi kowace safiya, na wane ne? In nawa ne, sai in kashe shi inda na ga dama. In kuwa amana ne, to akwai masu haƙƙi a cikinsa, kuma za a tambaye ni yadda na raba shi.

Mu ɗauki malamin makaranta da ya raya dare da nafila har asuba. Da safe ya shiga aji idanu jajur, ya sa yara kwafe abin da ke kan allo, ya kifa kai bisa tebur. Ko direban da ya kwana zaune wurin zikiri, sannan ya ɗebi mutane daga Maradi zuwa Yamai, tafiyar sama da kilomita 600. Zuciya za ta gaya wa kowannensu cewa ya yi dare mai albarka. Amma ƙarfin da ya kashe cikin daren an riga an saye shi da albashi da kuɗin mota. Cika aikin da aka biya ka wajibi ne, tsayuwar dare kuwa nafila ce, kuma ba a yin sadaka da dukiyar wani.

Buhari ya ruwaito cewa Salmanul Farisi ya ziyarci Abud Darda'i, ya tarar yana yini da azumi yana kwana da salla, har iyalinsa sun rasa kulawarsa. Salmanu ya sa shi ya ci abinci, ya sa shi ya kwanta har ƙarshen dare, sannan suka tashi suka yi salla tare. Ya tuna masa cewa Ubangijinsa da ransa da iyalinsa duk suna da haƙƙi a kansa. Da labari ya kai ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, sai ya gaskata Salmanu. Mu'azu ɗan Jabal ma ya kasance yana neman lada a barcinsa kamar yadda yake nema a tsayuwarsa, domin barcin ne ke ɗaukar tsayuwar.

Wani zai ce: ai manyan shehunai barci kaɗan suke yi. Gaskiya ne, amma sun kai can ne a hankali, da tarbiyya a hannun shehi, kuma ba su tauye haƙƙin kowa ba. Jiki abin hawa ne. Wanda ya gaji da tafiyar jakinsa ya yi ta dukansa ba ci ba sha, a hanya zai kwana da kayansa.

To yaya ake rabon? Imamu Gazali, a cikin Bidayatul Hidaya, ya ƙayyade barci kada ya wuce awa 8 cikin 24, ya kuma nuna cewa ƙailula tana taimakon tsayuwar dare kamar yadda sahur ke taimakon azumi. Mu da muka san zafin Afrilu da Mayu ba sai an yi mana dogon bayani ba: ɗan kishingiɗa da tsakar rana yana dawo da hankalin da rana ta kwashe. Aiki mai nauyi kuma a ba shi safiya, bayan wuridi, lokacin da Annabi ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikinsa. Sahabi Sakharul Gamidi ya riƙe wannan, yana tura hajarsa da sassafe, har dukiyarsa ta yawaita. A ci abinci daidai, a bar wa ruwa da numfashi wuri, don cikin da ya cika tim ba ya barin kai ya yi lissafi.

Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya: mafi yawanmu ba nafila ke cinye mana dare ba. Fada ce da shayi har ƙarfe 2, da waya a hannu har ido ya yi zafi. Wasu ma, da gajiya ta kama su, sai su koma ga ƙwaya irin tramol don su yi aikin mutum biyu. Wannan cin bashi ne daga ƙarfin gobe, kuma jiki magayi, zai karɓi bashinsa.

Nafsu kuma mai wayo ce, tana iya sa wa ragwanci rigar hutu. Ma'aunin da ke raba su ɗaya ne: duba abin da ya biyo baya. In ka tashi ka samu salla cikin jam'i, ka yi wuridinka da halartar zuciya, ka ba mai aiki haƙƙinsa cif, ka dawo gida da sauran fara'ar da za ka ba iyali, to hutunka ibada ne. In kuwa kwanciya kwanciya kawai take haifa maka, sai ka sake lissafi tun yau.

Allah Ya sa albarka a ƙarfinmu da lokacinmu, Ya ba mu ikon sauke amana, albarkacin Annabi. Amin.