Cocin Rasha da Tambayar Biyayya ga Mongol

Bayan rundunar Mongol ta Batu Khan ta rusa Kiyef a 1240, malaman Cocin Otodoks na Rasha sun fuskanci tambaya mai nauyi: shin ya halatta a yi biyayya ga sarkin da ba Kirista ba? Amsar mafi yawansu ita ce mamayar azaba ce daga Allah saboda zunuban jama'a. Bishop Serapion na Vladimir ya yi wa'azi a kan haka, yana kiran mutane su tuba.

Wannan fahimta ta sauƙaƙa zaman tare. A 1267 sarkin Mongol Mengu-Timur ya ba coci takardar da ta yafe wa limamanta haraji, su kuma su riƙa yi masa addu'a. Coci ta yi arziki, talakawa kuwa suna ta biyan haraji, kuma nan ne amsar take da rauni.

Da shugaban cocin, Bitrus, ya zauna a Mosko wajen 1325, martabar addini ta koma hannun sarakunan garin. Su ne suka daɗe suna tara wa Mongol haraji, har Ivan na Uku ya kawo ƙarshen biyayyar a 1480.