Mas'ala a kan muridi mai bashi: ko lissafin cefane yana ɓata tawakkali

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa a cikin ɗariƙa, Allah ya yi mana rahama da ni da ku. Na rubuta wannan 'yar takarda a kan wata mas'ala da ta yawaita a bakin muridai tun sa'ad da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya cikin watan Mayu na 2023, abinci ya yi tsada, bashi ya hau kan mutane da yawa waɗanda da can ba su san shi ba. Mas'alar ita ce: muridin da bashi ya hau kansa, in ya zauna yana ƙidayar mudun hatsi, yana rubuta abin da ya fita na cefane, shin ya fita daga tawakkali? Don akwai masu cewa lissafi aikin 'yan kasuwa ne, mutumin Allah ba ya leƙen rumbu, bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci.

Ka sani, ya ɗan'uwana, kuɗin da ke hannun mai bashi ba nasa ba ne duka. Wanda ya ƙi ƙidaya kuɗinsa, wannan tsakaninsa da kansa ne. Amma wanda ya ƙi ƙidaya kuɗin mutane da ke hannunsa, ya ce ya dogara ga Allah, to, da dukiyar wani ya ke tawakkalinsa, mai dukiyar kuwa bai ba shi izini ba. Aya mafi tsawo cikin Alkur'ani ita ce ayar bashi, ta 282 a Suratul Baƙara, kuma abin da ta yi umurni da shi shi ne a rubuta bashi, ƙarami ko babba, da ajalinsa, a kafa shaidu. Yaya abin da Ubangiji ya ce a rubuta zai zama rashin dogara gare shi?

Dubi labarin Zubairu ɗan Awwamu, Allah ya yarda da shi, kamar yadda Bukhari ya kawo. Ranar yaƙin Raƙumi, shekara ta 36 bayan hijira, ya kira ɗansa Abdullahi ya gaya masa yana zaton ba zai wuce wannan yini ba, kuma babban abin da ke damunsa bashinsa ne. Ya yi masa wasiyya in ya gaza biya ya nemi taimakon Majiɓincinsa. Abdullahi bai gane wanda ya ke nufi ba sai da ya tambaya, ya ce masa Allah. To ga tawakkali, ba wanda ya fi wannan. Sa'an nan me Abdullahi ya yi? Ya zauna ya ƙidaya bashin, ya same shi 2,200,000 na kuɗin zamaninsu. Uban kuwa bai bar dinari ko dirhami ba, sai filaye da gidaje. Ya sayar da filin Gaba da ke kusa da Madina ya yi ta biya, duk sa'ad da abu ya tsananta ya kira Majiɓincin Zubairu. Da ya gama, magada suka ce a raba musu gado, ya ƙi, sai da ya yi shekara 4 yana shela a taron aikin hajji cewa duk mai bin Zubairu bashi ya zo. Addu'a da ƙidaya a hannun mutum ɗaya su ke, ba ɗayar da ta kori 'yar'uwarta. Kuma ya inganta cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya kan ajiye wa iyalinsa abincin shekara, shi kuwa shi ne shugaban masu tawakkali.

Mutanen tasawwufi ma ba baƙin lissafi ba ne. Harisu Muhasibi na Bagadaza, wanda ya rasu a 243 bayan hijira, an yi masa wannan laƙabi don yawan yi wa kansa hisabi. Kai da ka ke riƙe da tazbaha ba ka yarda ƙwaya ɗaya ta kuɓuce maka cikin wuridi, kada ka ce ƙidaya ba halinmu ba ce.

Fasali a kan abin da ya fi nauyi, shi ne kyauta da hadiyya da ziyara

Nan ne zukata ke ƙi, don rai yana son a gan shi yana bayarwa, ba ya son a gan shi yana biya. Wanda ya yi sadaka a zawiya ana yi masa addu'a da murya, wanda ya kai wa mai shago kuɗinsa ba mai cewa madalla, sai dai a soke sunansa a littafi. Saboda haka sai ka ga muridi ana binsa kuɗin masara buhu biyu tun bara, ga shi ya ɗinka sabuwar riga don mauludi, ya biya kuɗin mota zuwa Kaulaha, ya ɗauki hadiyya ya kai gaban shehi. Ina gaya muku a fili, wanda ya kawo mini hadiyya alhali ajalin bashinsa ya yi bai biya ba, kuɗin mai shago ya kawo mini, ni kuwa ba na son in tashi ranar ƙiyama mai shago yana riƙe da rigata.

Ku tuna abin da kuka karanta cikin Ahalari tun kuna yara, cewa wanda a ke bi ramuwar salloli ba ya yin walaha ko tsayuwar azumi sai ya rama, ban da 'yan nafilolin da aka togace. Farilla tana gaban nafila. Haka al'amarin dukiya ya ke: biyan bashi farilla ne, hadiyya da ziyara da walima nafila ne, kuma jinkirin mai ikon biya zalunci ne kamar yadda ya zo a hadisi. In an ce, ai Sayyidina Abubakar ya kawo dukiyarsa duka, sai mu ce, tasa ya kawo. In an ce, bashi hanji ne yana cikin kowa, sai mu ce, gaskiya ne, Annabi ma ya yi wafati sulkensa yana jingine wajen wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir. Amma dubi abin da aka ci bashin dominsa, abincin iyali ne, kuma an bar jingina wadda za ta biya. Ina wannan, ina bashin anko da ragon suna na gasa?

An taɓa kawo gawa gaban Annabi don ya yi mata salla, ya tambaya ko ana bin mamacin bashi, aka ce dinari biyu ko uku, bisa saɓanin ruwaya. Ya ja da baya ya ce su yi wa ɗan'uwansu salla, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki bashin a wuyansa. Daga baya da Allah ya yalwata wa musulmi shi da kansa ya riƙa biya wa wanda ya mutu bai bar abin biya ba. Wanda ya yi shahada ma an ce ana gafarta masa kome sai bashi. To wane wuridi ne ya fi jinin shahidi?

Fasali a kan yadda a ke fita

Abin da na ke umurtar wanda ya zo mini da shi, na farko ya sami takarda ya rubuta sunan duk mai binsa da adadin kuɗi da ranar alkawari, kada ya ɓoye wa takarda ko na mai ƙosai. Galibin masu bashi ba su san jimlar abin da a ke binsu ba, tsoro ya hana su tarawa.

Sa'an nan ya yi wata guda yana rubuta duk abin da ya fita daga aljihunsa. A nan ba makawa sai da uwargida, don ita ta san mudu nawa gidan ke ci, ita ta san kwana nawa kwalbar manja ke yi. Ka zauna da ita ka gaya mata gaskiyar abin da ke kanka. Maza da yawa sun gwammace su ci sabon bashi da matarsu ta san tsohon, wannan kuwa girman kai ne ya sa rigar kunya. Amma fa kada ka taɓa dukiyarta, ko akuyarta ko kuɗin sana'arta, sai abin da ta ba ka da daɗin rai. Kuma kada ka ƙuntata cikin yara don ka biya, ciyar da su wajibi ne a kanka, mai bin bashi kuwa an umurce shi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi. Abinci da haya da magani da kuɗin karatun yara, waɗannan a fitar da su tukuna. Abin da ya saura shi za a yi wa bincike.

Ga misali. Mutum ana binsa naira 120,000, yana rantsuwa ba ya da rarar ko sisi. Da ya rubuta sai ya ga tsakanin goro da shayin majalisa da katin waya da tsiren dare naira 600 ke fita kullum. A wata 18,000 ke nan. In ya riƙe wannan kaɗai yana kai wa masu shi, wata 7 ya wanke wuyansa. Ahalari ma bai ce mai ramuwa ya rama shekaru a dare ɗaya ba, ya ƙayyade masa abin da in yana yi kullum ba a kiransa mai sakaci. Haka za ka yanka wa kanka abin biya, ka fitar da shi ranar da kuɗi ya shigo hannunka, kafin cefane ya gan shi, don kuɗin da ya kwana a aljihu ba ya wayar gari cikakke. Wanda ya sami hali da kaka ya sayi hatsinsa na watanni ya ajiye, don bisa al'ada da damina ya ke tsada, kuma a lokacin ne talaka ke karɓar mudu ɗaya don ya biya biyu.

Wa za a fara biya? Bashin da ke da ruwa a kansa ka fita daga gare shi da gaggawa tare da tuba, musamman wannan da a ke ci ta wayar hannu, wanda in mutum ya yi jinkiri wasu masu shi kan aika wa duk wanda ke cikin wayarsa saƙon tozarci. Kada ka ci irinsa don ka biya wani, rami ne ka ke haƙawa don ka cike rami. Bayan shi sai mai ƙaramin jari. Tsohuwar da ke sayar da koko, naira 2,000 da ka riƙe mata gero ne na gobe, attajiri kuwa yana iya jira. Sauran ka tafi gare su da ƙafarka, kada ka aika, ka gaya wa kowa abin da za ka iya kawowa da lokacinsa. Abin da ke ƙona ran mai bin bashi shi ne ya hango ka ka sake hanya.

Adashi yana taimako in an sa kwasar cikin biyan bashi, sai dai wanda ya kwasa da wuri ya sani sauran zubin bashi ne a kansa, ya rubuta shi cikin takardar nan. Wanda kuwa ya yi duk wannan abin ya fi ƙarfinsa, kuma ba cikin ɓarna ya ci bashin ba, yana cikin kashi 8 da aka ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba, zakka ta halatta gare shi. Ya gaya wa muƙaddami, muƙaddami ya gaya wa mawadatan zawiya a asirce. Na fi son in ga 'yan'uwa sun haɗu sun kwance wuyan mutum ɗaya da su ƙara shanun yanka ranar mauludi.

Takardar nan kuwa kada ka ɓoye ta inda ba wanda ya sani. Ka nuna wa uwargida ko babban ɗanka wurinta, duk wanda ka biya ka soke sunansa a gabansu. Don in ajali ya zo, bayan likkafani da binnewa bashi a ke fara fitarwa, sa'an nan wasiyya cikin sulusi, sa'an nan gado. In an tashi a maƙabarta ana shela wanda ke bin mamaci ya zo ya ga wane, sai wane ya zama yana da abin da zai duba.

Tammat. Allah ne mafi sani. Wanda ya karanta ya sa mai rubutu cikin addu'a.