Abin da Aka Ɗora Gaban Ido

Wanda ke bin Sama Road a Sakkwato bayan magariba, in mai lura ne, jefi-jefi zai hangi mota da wani ɗan haske kore ko shuɗi a ƙasan gilashinta na gaba, daidai saitin direba. Wata 'yar na'ura ce da ba ta wuce tafin hannu ba, ana kwantar da ita a kan dashbod. Tana rubuta lambobi a juye, gilashin ya karɓa ya miƙe su, sai mai tuƙi ya ga gudun motarsa yana shawagi a gabansa ba tare da ya sunkuyar da kai ya dubi maleji ba. Masu ƙera ta HUD suke ce mata, mu ce majigin gilashi.

Dabarar ta girmi motocin da ake saka ta a ciki. Daga jiragen yaƙi ta fito, inda sunkuyawar daƙiƙa ɗaya kan iya zama ajali. Jirgin saman sojan ruwan Ingila mai suna Buccaneer, wanda ya fara tashi a 1958, yana cikin na farko da aka yi wa irin wannan allo. Sai a 1988 kamfanin General Motors na Amurka ya sauko da ita ƙasa, ya saka a motarsa Oldsmobile Cutlass Supreme. A shekarar ce kuma gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, aka ɗora Wole Soyinka a kan shugabancinta. Kamfanin BMW ya bi sahun General Motors a 2003. Yau kuwa ga 'yan ƙanana ƙirar Sin ana yin odarsu ta intanet, mai tsohuwar Corolla ma zai iya mallaka.

Hujjar masu ita lissafi ne mai sauƙi. Mota mai gudun kilomita 50 a awa, wanda shi ne iyakar da hukumar ta yanka wa cikin gari, tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Tsawon motoci 3 ke nan a jere. Direban da ya sauke ido na daƙiƙa ɗaya ya yi wannan tafiyar a makance. A titi irin Sama Road kuwa, mita 14 ba wasa ba ce. Ɗan kabu-kabu na iya fitowa daga lungu ba ko oda, mai keke ya ci burki don ya hangi fasinja, 'yan makaranta su tsallaka a guje, ko jar akuyar nan tamu, wadda fatarta ta yi suna har Turai, ta ga dama ta ƙetara.

Akwai kuma wata matsala tamu ta nan da na'urar ke magani, wadda masu ƙirƙirar ta ba su ma yi tunanin ta ba. Yawancin Camry da Accord da Corolla da ke yawo a gari, waɗanda ake kira 'yan Kwatano, daga Amurka aka kwaso su, kuma malejinsu da mil yake magana. Manyan lambobin mil ne, kilomita na can ciki da ƙananan rubutu da ba kowa ke kula da su ba. Allura ta hau 60, direba ya ɗauka yana tafiyar hankali, alhali kilomita 96 da ɗoriya yake yi. Ko 40 ta mil ta haura kilomita 64. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa idan mota ta buge shi yana ninkuwa fiye da sau 4 tsakanin gudun kilomita 50 da 65. Ashe 'yar tazarar da direba ke rainawa ita ce tsakanin ɗauri da makara. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A tuƙi dai maganar ba ta cika tsayawa ba. Wanda ya taso daga Gusau ko Birnin Kebbi ya daɗe yana zuba 100, in ya shigo gari 70 sai ya ji kamar rarrafe yake yi. Lamba ƙwaya ɗaya da ke tsaye a gabansa da kilomita ita ke ƙaryata jikinsa.

Wajen saye, iri biyu ne. Akwai wadda ake jona wa kwamfutar mota ta wata kafa mai ramuka 16 da ke ɓoye ƙarƙashin sitiyari, wadda masu gyara ke kira OBD, inda suke soka na'urarsu in za su duba ciwon mota. Amurka ta wajabta wannan kafa ga motocin da ake sayarwa a can tun 1996, Turai kuma ta wajabta wa masu fetur a 2001. Irin wannan tana karanto gudu da zafin ruwan inji da ƙarfin batir kai tsaye daga cikin motar. Ɗayar kuwa da tauraron ɗan'adam take aiki, a jona ta wurin cajin waya, ita ce ta dace da tsofaffin motoci irin su fijo 504 da ba su san wata kwamfuta ba. Takan ɗan jima kafin ta kama tauraro, kuma ba ruwanta da lafiyar inji, amma gudun da take faɗa ya fi kusa da gaskiya, musamman ga wanda ya sauya tayoyi ya sa waɗanda suka fi na asali girma ko ƙanƙanta. Mai irin ta farko ya sani cewa wuta ba ta yankewa a kafar OBD ko an zare makulli. In na'urar ba ta iya kashe kanta ba, mota ta kwana biyu a ajiye, sai a wayi gari ana neman masu turi.

Ana kunna ta abu na farko da zai ba mutum haushi shi ne ganin lambar biyu-biyu, ɗaya na leƙen bayan ɗaya. Ba lalacewa ta yi ba. Gilashin gaba falle biyu ne da aka manne da roba a tsakiya, don in ya fashe kada ya tarwatse a fuskar mutane. Fuskar ciki tana mayar da hoto, ta waje ma tana mayarwa. Motocin da suka zo da majigi daga kamfani robar tsakiyar gilashinsu ta fi kauri ta sama, domin hotunan biyu su haɗe wuri ɗaya, shi ya sa in irin wannan gilashi ya fashe aka sa na gama-gari sai rubutu ya rabu. Ta kasuwa kuwa tana zuwa da wata 'yar leda mai duhu da ake liƙawa daga ciki. A wanke wurin tas, a fesa ruwa, a manna, a bi da kati a kore kumfa. Kafin a manna, direba ya zauna yadda ya saba zama, a sa masa lambar ƙasa da inda idonsa ke kallon hanya. Wanda ya liƙa ta tsakiyar gilashi ya gina wa kansa katanga da kuɗinsa.

Sauran aikin na garinmu ne. A watan Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40 a inuwa, dashbod ɗin motar da aka bari a rana kuwa hannu ba ya taɓuwa gare shi. Gam ɗin da ke riƙe na'urar yakan saki, ta riƙa zamewa duk kwanar da aka sha, wata ma allonta ya dushe. Gara a cire ta ko a rufa mata tsumma in za a daɗe. Da hunturu kuma ƙura na kwanciya a gilashi ciki da waje, hasken lambar ya watsu a kanta ya zama hazo a kan hazo. Mai sa baƙin tabarau irin mai kashe ƙyalli shi ma zai ga rubutun ya kusa ɓacewa, don tabaran aikinsa ke nan, kashe hasken da gilashi ya mayar.

Duk wannan gyaran hannu ne, rabin awa ya isa. Inda maganar take shi ne abin da za a bari ya bayyana. Na'urar tana fitowa daga kwali da komai a kunne: gudu, juyin inji, agogo, zafin ruwa, batir, shan mai, tsawon tafiya, har da wasu layuka masu launi da ke hawa suna sauka duk lokacin da aka taka totur. Kuma haka aka fi son ta. In mai mota ya ce a rage, mai wayarin zai dube shi da mamaki ya ce, "Haba Alhaji, ranka shi daɗe, wanga abu kuɗinka ka sa, bar shi shi nuna komi mana." Alhaji ya ga ai gaskiya ne, a bar gilashi yana walƙiya, abokai su shiga su yaba.

To, masu jiragen da suka ƙirƙiro abin sun riga mu gano illarsa. A 1980 masu bincike na hukumar NASA a Amurka suka sa ƙwararrun matuƙa a na'urar koyon tuƙin jirgi, suna sauka da taimakon irin wannan allo. Ba tare da an gaya musu ba, aka gitta wani jirgin a kan titin saukar. Wasu daga cikinsu ba su gan shi ba sam. Idonsu a buɗe, fuskarsu na kallon titin, jirgi guda a gabansu, amma hankalinsu na kan lambobi. Taura biyu ba ta taunuwa. Idan ƙaton jirgi zai ɓace wa ƙwararren matuƙi a bayan rubutu, ina ga yaro mai tallan ruwa da ya sauko daga gefen titi da almuru?

Ga wani ƙarin da 'yan kasuwa ba sa faɗa. Majigin kamfani yana da madubai a ciki da ke tura hoton nesa, ya bayyana kamar mita 2 ko fiye a gaba, can wajen hancin mota, don ido ya karanta ba tare da ya bar kallon nesa ba. Mai arha ba ta da wannan. Hotonta yana nan dab da gilashi, dole ido ya janyo kallonsa kusa sannan ya mayar. Matashi ba zai ji komai ba, amma wanda ya ba 45 baya, wanda ya fara nisanta takarda kafin ya karanta, idonsa yana ɗaukar lokaci wajen wannan kai da komo. An huta da sunkuyawa, ba a huta da ɗauke hankali ba. Shi ya sa a ganina ƙimar na'urar tana ga yawan abin da aka kashe a cikinta. Gudu kaɗai ya cancanci zama a gilashi, da manyan lambobi farare ko kore, haskensu a rage da dare har ya zama sai an neme shi ake ganin sa.

Zafin inji fa? Wannan yana da muhimmanci a nan fiye da ƙasashen da aka ƙera motocin. Inji mai lafiya yana zama wajen digiri 90. Da yawa cikin motocinmu an cire musu tamostat an haɗa fanka kai tsaye, fitilar gargaɗin inji kuma ta daɗe a kunne har wasu sun liƙe ta da baƙin salatif don kada ta dame su. Ruwan lagireto ya tsiyaye a cunkoso, kafin a farga gaskit ya ƙone. Amma maganin wannan ba kafa wa lamba ido ba ne. A saita na'urar ta yi ƙara in zafi ya wuce ƙima, ko in cajin batir ya faɗi ƙasa da yadda ya kamata, wato wajen bolt 14 lokacin da inji ke aiki. Abin da ke iya jira har sai ya ɓaci, kunne ya isa ya tsare shi.

Wannan rabon aiki bai tsaya ga mota ba. Kowa yana da gilashin gabansa, kuma kullum ana samun mai son ya liƙa masa wani abu a kai. Waya tana zuwa da kowace manhaja a kunne, kowace na ganin saƙonta ne ya fi gaggawa. Mai shago ya duƙufa kan lissafin ciniki, bai lura yaron shagonsa ya kwana uku ba ya dariya ba. Uba yana bin makin jarrabawa zango bayan zango, ya san na lissafi ya san na Turanci, bai san da wa ɗan ke yawo ba. Ba ƙarya lambobin suke yi ba, gaskiya ce tsantsa, kuma don suna gaskiya ne suke cinye hankali. Mutum yana ganin ai yana sa ido, tunda ga shi kansa a ɗage. Wanda ya sunkuya aƙalla ya san ya bar kallon hanya, yana sauri ya ɗago. Na fi jin tsoron wanda bai san ya bari ba.

Kafin ma majigi ya zo, gilasanmu ba fayau suke ba. Ga sitikar makaranta, ga ta ƙungiya, ga hoton ɗan takarar da aka gama zaɓensa tun tuni, ga carbi da turaren mota na reto a madubi, ga waya a maƙale tana nuna bidiyo. Wanda zai ƙara na'ura a kan wannan tari ya fara da ɓamɓare wasu.

Akwai maɓalli na ƙarshe da ake saitawa, na ƙararrawar wuce iyaka. Direba ke zaɓar lambar da kansa, in ya haura ta na'urar ta yi tsuwa. Mai yawan zirga-zirga a cikin gari 50 ko 55 ya kamata ya sa, in zai hau babbar hanya ya ɗaga. Ranar farko kowa haka yake yi da kyakkyawar niyya. Sai a hau Sama Road da safe ana sauri a kai yara makaranta, abu ya yi ta tsuwa daga wannan mahaɗa zuwa waccan, uwargida ta ce kanta na ciwo, yara na dariya a baya. Kafin mako ya zagayo an koma wurin mai wayarin. Ba a ce ya cire ta ba, don an biya kuɗi. An dai ce ya mayar da ƙararrawar 120.