Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Duk wanda ya tashi a karkara ya ga yadda ake ɗora wa ɗaki jinka. A ƙasa ake haɗa ta, a ɗaure ta tamau, sannan a kira maƙwabta. Kowa ya kama gefensa, a ɗaga lokaci guda. In wani ya yi gaggawa ko ya yi sanyin jiki, jinkar ta karkace. Ashe magabata ba yawan hannuwa kaɗai suke nufi da wannan karin magana ba, har da kowane hannu ya san inda zai riƙe da lokacin da zai ɗaga.

Madafi wuri ne da wannan hikima take bayyana kullum. Dubi mata biyu suna lugude a turmi ɗaya: taɓaryar wannan na tashi, ta waccan na sauka, ba karo, ba jira. Surfen da zai gajiyar da mace ɗaya sai ya ƙare cikin raha.

Haka girkin mutum biyu ya kamata ya kasance, ko uwa da 'ya ne, ko miji da mata, ko ɗalibai biyu da ke ɗaki ɗaya. Abincinmu ma kamar da wannan rabon aka tsara shi. Ɗauki tuwon masara da miyar kuka. Ɗaya ta tsaya kan tuwo: ta yi talge, ta bar shi ya nuna, ta zuba gari ta tuƙa da muciya, ta rufe ya turara. Kafin nan ɗayar ta jajjaga attaruhu da albasa, ta daka daddawa, ta gyara busasshen kifi, ta kaɗa kuka da maburgi don kada ta yi gudaji. Ana kwashe malmalar ƙarshe da mara, miya na sauka.

Ɗan wake ya fi nuna buƙatar abokin aiki. Mai jefa shi cikin tafasasshen ruwa hannunsa na cikin kwaɓin garin wake da kuka da kanwa, ba damar taɓa wuƙa. Sai ɗayan ya soya mai, ya yanka albasa da tumatir, ya dafa ƙwai, ya kawo yaji. Waina kuwa ba ta son a juya mata baya: mai tanda na zuba ƙullu tana juyawa, in ta matsa wainar ta ƙone. Miyar taushe, da kabewarta da alayyafo da gyaɗa, sai ta zama rabon ɗayar. A watan azumi, wani na buga ƙullun ƙosai yana soyawa, wani na dama kunun tsamiya, a gama kafin kiran sallar magariba.

Sai dai rabon aiki yana da ladabi. Gishiri hannu ɗaya ke sa shi. In kowa ya zuba nasa, miya ta lalace. Wanda ya fi sanin tuƙi a bar masa muciya, wanda ya iya miya a bar masa ludayi. Kuma kada a manta da wanke-wanke, domin shi ne gefen jinkar da aka fi gudu. Wanda ya ci ya miƙe ya bar tukwane ya saki gefensa tun ba a kai kan bango ba.

Ina jin takaicin yadda wasu mazan ke ganin shiga madafi zubar da girma ne. Nana A'isha ta ba da labarin cewa Manzon Allah (SAW) yakan taya iyalinsa hidimar gida, in lokacin salla ya yi ya fita. Maigidan da ya karɓi wuƙa ya yanka albasa, uwargida ta ce masa "Sannu da aiki, maigida," ya amsa da "Ke ce da sannu," bai rasa komai ba. Abincin ya nuna da wuri, gajiya ta rabu biyu, an samu hirar da ba a samu da rana ba. In aka zauna kan tabarma aka sa hannu a kwano ɗaya, kowa ya san da guminsa a ciki.