Lissafin Ƙwallo: Sani Ne Ko Caca?

Saurayi a Sundimina yakan ce, "Ni ba caca nake yi ba, lissafi ne." Yakan duba wa ya ji rauni, wa ke wasa a gida, ko an ba raunanar ƙungiya rabin ƙwallo tun kafin a fara, domin kada a tashi kunnen doki.

Amma 'yan'uwa, mai shago ya riga shi lissafi. A ce mutum biyu sun zuba naira 100 kowanne, wannan kan Arsenal, wancan kan Chelsea. Wanda ya ci yakan karɓi kamar 190. Goman da ta rage ta mai shago ce, ko wa ya ci. Ribar 90 ɗin kuwa daga ina? Kuɗin geron wani ne a Gwaram, wanda shi ma ya kwana yana lissafi.