Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Nasiha ga Samarin Dinder

 Ku matso kusa, ku ɗan kife wayoyin nan, ina da magana.

Daren jiya bayan isha'i na ji ku a bakin masallaci kuna gardama kan zaɓe. Wani ya ce an gama zaɓe a Sudan har abada, wani ya ce ko an yi ba a ƙirga ƙuri'ar Bahaushe. Na tambayi ɗayanku a ina ya ji, ya ce a WhatsApp aka turo masa. Wa ya turo? Wani. Shi wanin wa ya gaya masa? Shiru. Wannan shirun ne ya hana ni barci.

Ban ɗora muku laifin duka ba. Zaɓen 1986 ya kai Sadiƙul Mahdi kujerar firayim minista, amma tun juyin mulkin 1989 sojoji ke juya ƙasar nan. An yi zaɓen 2010 da na 2015 a zamanin Shugaba Bashir, na biyun ma manyan 'yan adawa sun ƙaurace masa. Duk wanda aka haifa bayan 1997 bai taɓa jefa ƙuri'a ba. Kun ga an yanke intanet fiye da wata guda a 2019, kun ga yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya iso mu har gida a 2024. Mu dattawa ma da namu: mukan ji magana a zauren umda, wato mai gari, mu bar ta a can, mu ce yaro bai isa ba. Allah ya yafe mana.

Amma ku ji abin da rashin sani ya jawo mana. An buɗe rajistar masu zaɓe a Nuwamban 2009, daidai lokacin da muke gona, an yanke riɗi, dawa ta nuna. Ƙanena bai ji ba sai da aka rufe. A Afrilun 2010 ya sa farar jallabiyarsa ya bi layi tun hantsi, aka duba littafi babu sunansa, ya komo yana cewa an tsane mu. Ba a tsane shi ranar ba, labari ne ya wuce shi. Mu da muka shiga kuwa, takardu takwas aka miƙa wa kowa: ta shugaban ƙasa, ta gwamna, uku na majalisar ƙasa, uku na majalisar jiha. Da yawanmu alama guda aka nuna musu a waje, suka bi ta sau takwas ba su san wa suka zaɓa ba.

Mai cewa ba ku da haƙƙi, ku tambaye shi hujja. Kakanninku sun taso daga ƙasar Hausa bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello ya kafa garin Mai Wurno a bakin kogi. Guminsu na cikin audugar Jazira tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1994 ta amince da wanda shi ko iyayensa maza ke zaune a ƙasar tun farkon 1956. Akwai kuma dokar 2015 da ta ba ɗan ƙasa damar neman bayani daga hukuma. Nawa ne cikinku suka san da su?

Jita-jita kuwa kun ga kuɗinta. A rikicin Damazin da Rusairis na 2022, saƙon waya yakan riga gaskiya isa gari, zukata su hau, a yi ta binne mutane. Suratul Hujurat ta umarce mu da tantance labari kafin mu yi aiki da shi, kuma umarnin bai keɓe waya ba.

Saboda haka, tun ba a sa ranar zaɓe ba, kowa ya nemi rakam wataninsa, wato lambarsa ta ɗan ƙasa. Wanda takardunsa suka salwanta a gudun hijira ya sabunta, ya kuma nemi na ƙannensa mata da matarsa. Ku saurari rediyo da Hausa da Larabci, ku gwama. Kai da ka yi makaranta, karanta wa mahaifiyarka sanarwa, ka fassara mata da harshenta. Ranar da ɗan takara ya zo da lasifika, ku tambaye shi ruwan sha da asibiti da hanyar Sinja a damina, ku rubuta amsarsa ku ajiye. Matambayi ba ya ɓata.

Yaƙi zai ƙare da yardar Allah, za a sake buɗe littafin rajista. Kada ya iske ku a gona kamar yadda ya iske ƙanena. Ku tashi, Allah ya shirye mu baki ɗaya.