Wa Ya Ja Layin?

Hawan jinin da ke kama mai juna biyu bayan mako 20, wanda kan kai ga jijjiga, ba ya rabuwa da ita sai an raba ta da mabiyiya. Magunguna na sauke jinin, allura na tsare jijjigar, amma tushen ciwon yana nan. Idan cikin bai kai mako 34 ba, likita na tsaka mai wuya. Kowace rana da jariri ya ƙara a ciki riba ce ga huhunsa, kuma ranar ce dai ke iya taɓa ƙodar uwa ko hantarta. Allurar da ke nunar da huhun jariri ma tana son kimanin awa 48.

A 2011 masu bincike a Kanada suka fitar da wani lissafi mai suna fullPIERS. Ana ba shi abu shida, ciki har da makonnin ciki, iskar da ke jini da gwajin ƙoda da na hanta, sai ya faɗi yiwuwar uwa ta shiga haɗari cikin kwana biyu. Daga baya aka yi miniPIERS don wuraren da ba ɗakin gwaji. Aiki ne mai kyau, kuma ya fi kintace.

Sai dai mu masu rubuta manhaja mun san wani abu. Lissafi lamba kawai yake bayarwa, kashi kaza cikin ɗari. Mutum ne ke zama ya rubuta cewa daga nan zuwa sama allo ya yi ja. Ka sassauto da layin, a ciro bakwainin da da an jira sun ƙosa. Ka ɗaga shi, wata uwa ta wuce ba a ankara ba. A wannan layi guda an riga an auna ran uwa da na ɗa, kuma wanda ya auna ba ya ɗakin haihuwa.

Awon ma ba ɗaya ba ne ko'ina. Jaririn mako 30 a asibitin da ke da kwalabar reno da wuta tsayayya daban yake da wanda aka haifa inda janareta ke jiran mai.

Abin da ya fi damuna shi ne kalmar "buƙata". Bayanan da ake koya wa na'ura suna nuna ranar da likita ya yanke hukunci ne. Abin da zai faru da ya ƙara kwana uku, babu fayil ɗin da ya rubuta shi. Kenan manhajar da ke hasashen haihuwar gaggawa tana koyon halin likitocin da ta gani, har da tsoronsu.

Ni dai ina ganin ya kamata a nuna lambar tsirararta, tare da bayanin asibitocin da aka samo ta, a bar jan layi ga likitan da ya san ɗakin jariransa. Ita ma mai cikin a gaya mata da Hausa, kafin a nemi mijinta ya sa hannu.